Yadda Ake Gano Inda Tsohuwar Mota Take Yoyon Baƙin Mai

A wannan wata filinmu na sana'a zai yi magana ne da direbobi, da yaran mota, da masu koyon kanikanci, da duk wanda ya tara kuɗin amfanin gonarsa ya sayi tsohuwar mota. Maganar ita ce yoyon baƙin mai. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Kowa ya san abin. Ka ajiye mota da dare a ƙofar gida. Da safe ka matsar da ita, sai ka ga baƙin tabo a ƙasa inda ta kwana. Wani yakan sa ƙafa ya tura ƙasa ya rufe tabon, ya ce ai tsufa ne. Wani kuwa hankalinsa ya tashi, ya ruga gareji a sauke masa inji gaba ɗaya. Dukansu biyu suna cikin asara. Na farko zai wayi gari wata rana inji ya buga a tsakiyar daji. Na biyu zai biya kuɗin babban aiki, alhali wataƙila abin da ya lalace bai wuce wata 'yar roba ba.

Ga abin da za a fara riƙewa. Inda mai yake ɗiga ƙasa ba lalle ne nan yake fitowa ba. Ku tuna da ɗakin da yake yoyo da damina. Ruwa yakan shiga ta wata kafa a saman rufi, ya bi azara, ya je ya ɗiga can kusa da bango. Maginin da ya san aikinsa ba ya yaɓe inda ruwa ya ɗiga. Hawa sama yake yi ya nemi kafar. To haka baƙin mai yake. Yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Idan mota tana tafiya kuma, iskar fanka da iskar hanya suna kora shi daga gaba zuwa baya. Saboda haka kusan kowane irin yoyo a ƙasan inji ta baya yake ƙarewa, ko da daga ina ya taso.

Motar da za mu yi misali da ita

Za mu yi misali da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, don babu wanda bai san ta ba a tashoshinmu na karkara. An fara ƙera ta a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har bayan shekarar 2000, alhali a Turai an daina yin ta fasinja tun 1983. Kada a ga tana ɗaukar buhunan masara a raina ta. Mota ce da ta yi suna a tsere. Ita ta ci babban tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. A 1978 kuma wata irinta mai ƙofa 2, wadda aka yi musamman don gudu, ta sake cin wannan tseren.

Amma komai ƙarfin mota, shekaru ba su barin ta. Ko 504 da aka haɗa daga ƙarshe yanzu ta kai wajen shekara 20. Ƙarfen inji yana jure wannan. Abin da ba ya jurewa shi ne roba da takarda mai kauri da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don hana mai fita. Ita wannan shimfiɗar ita ake kira gasket. Akwai kuma zoben roba da ake sawa a inda ƙarfe yake juyawa, shi ne oyil sil. Zafin inji da zafin ranarmu suna busar da su, su yi tauri, su tsage kamar tsohuwar fata. Daga nan yoyo yake farawa. Bayanin da za mu yi zai yi amfani ga kowace tsohuwar mota, har da babur da injin niƙa da injin ban ruwa.

Injin fetur na 504 yana ɗaukar baƙin mai kusan lita 4. Wannan ɗan man shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ke rage zafi, shi ke kwashe datti. Mu yi lissafi. Idan mota tana ɗigo 1 a kowane minti, a kwana guda ta yi ɗigo 1,440. Cikin mako 2 zuwa 3, lita guda ta tafi ƙasa. Wato kashi 1 cikin 4 na man injin ya salwanta ke nan, ba tare da mai mota ya ga an zubar da ko cokali guda a gabansa ba.

Da farko, wane irin mai ne?

Ba kowane abu da ya ɗiga daga mota ne baƙin mai ba. Ka nemi kwali mai tsabta, ko takardar buhun siminti, ka shimfiɗa a ƙarƙashin mota da dare. Ka danne shi da duwatsu. Ka yi alama a jikinsa inda gaban mota yake. Da safe ka jawo shi ka duba. Ka taɓa da yatsa, ka shinshina.

Man inji baƙi ne, ko ruwan ƙasa idan ba a daɗe da yin juye ba. Yana da santsi, yana ɗan warin ƙuna. Man giya ya fi shi kauri, kuma yana da wani wari mai hawa kai kamar na farar wuta. Man sitiyari, a motar da take da shi, yawanci ja ne. Ruwan lagireto ruwa ne, wani lokaci kore, wani lokaci da tsatsa. Fetur kuwa ba ya ɓoyuwa, warinsa ya isa, kuma yana bushewa nan da nan.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne man birki. Ba shi da kauri sosai, launinsa fari-fari ne ko ruwan ɗorawa, kuma yana cin fenti. Yakan fito ta bayan taya, ko ta ƙarƙashin inda direba yake taka birki. Idan shi ka gani, kada motar ta ɗauki kowa, kada ta je ko'ina. A kira bakanike ya zo ya same ta a inda take.

Sai tambaya ta biyu. Man yana zuba ne, ko injin yana shan sa? Idan mai yana raguwa amma kwali ya kwana a bushe, to ka tsaya a bayan mota wani ya taka totur. In ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita ta salansa, injin yana ƙona mai ne. Wannan aikin ringi ne ko robobin bawul, maganarsa daban ce. Idan kuma ka zaro sandar awon mai ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ne yake shiga cikinsa. Yawanci babban gasket na kan inji ne ya ƙone. Wannan ma kada a ci gaba da tafiya da shi.

A wanke inji tukuna

Nan ne mutane da yawa suke gajen haƙuri. Tsohon inji yakan yi baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa. Mai ya haɗu da ƙura ya zama kamar kwaɓaɓɓen laka. A irin wannan inji ba wanda zai iya nuna maka wurin yoyo, komai gwanintarsa. Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin inji mai datti ya ce ya gano, zato kawai yake yi, kuma da kuɗinka za a gwada zaton.

Saboda haka a wanke. A bari inji ya huce, don ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi. A ɗaure leda a kan kafireto, da kan distiributa, wato inda wayoyin fulogi suke haɗuwa, da kuma kan injin cajin batir. A kankare dattin da ya daskare da ɗan itace. A shafa kananzir da buroshi, a bi da ruwan omo, a ɗauraye. A wanke har ƙasan inji da gaban giya. Kada a yi wankin da fetur. Mun san ana yi a wasu garejoji, amma tartsatsi guda daga batir ko daga taba ya isa ya cinye mota da mai wankin. In an gama, a cire ledojin, a bar inji ya bushe sarai.

Yanzu a cika mai daidai alamar sama ta sandar awo. A tayar da inji a fili inda iska take kaɗawa, don hayaƙin mota yana kisa a rufaffen wuri. A bar shi ya yi aiki kamar minti 15 har ya ɗauki zafi. Ka ɗauki tocila, ko da rana ce. Ka tattare hannun rigarka, ka cire rawani ko duk abin da yake reto, saboda fanka da fanbel ba su san mai gida ba. Sai ka fara dubawa daga saman inji kana gangarowa, daga gaba kana komawa baya. Abin da kake nema shi ne wurin da ya jiƙe wanda ya fi kowane tsawo, kuma ya fi kowane kusa da gaba. Duk abin da yake ƙasa da shi ko bayansa, man wucewa kawai ya yi ta kansa.

Idan yoyon kaɗan ne, ba zai nuna nan take ba. Akwai dabara mai sauƙi. A kashe inji, a barbaɗa hodar jarirai ko garin alli a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. A sake tayarwa. Inda mai ya fito zai ja baƙin layi a cikin farar hoda, kamar sawun maciji a rairayi. Ka bi sawun zuwa sama har inda ya fara. Mu na karkara ma hanya tana yi mana wannan aiki kyauta. In ka wanke inji ka yi tafiyar kilomita 10 a kan burji, ƙura za ta manne a inda ya jiƙe, ta bar inda ya bushe. Wani yoyon dama ba ya fitowa sai mota tana gudu, don haka wannan 'yar tafiyar tana da amfani. Sai dai kada a yi nisa, domin in man ya bazu ko'ina an koma gidan jiya.

A manyan garejojin birni akwai wani ruwan rini da ake zubawa kaɗan a cikin mai. Bayan inji ya yi aiki, sai a haska wata fitila ta musamman a cikin duhu, wurin yoyon ya riƙa ƙyalli. Yana da kyau ga wanda ya samu. Wanda bai samu ba, hoda ta wadatar.

Wuraren da za a duba

Na farko shi ne murfin saman inji, wanda yake da bakin da ake zuba mai. A tsofaffin motoci, nan ne yoyo ya fi yawa, kuma nan ne gyara ya fi araha. A ƙarƙashin murfin akwai gasket da yake zagaye shi. In ya bushe, mai zai riƙa naso ta gefe. Injin 504 a karkace yake zaune, don haka man yakan taru ta ɓangaren da ya fi ƙasa, ya bi jikin inji ya gangara baya. Ka zura yatsa ta bayan murfin, can kusa da jikin mota inda ido ba ya gani, bayan ka kashe inji ya ɗan huce. Sau da yawa man da ake gani yana ɗiga tsakanin inji da giya daga nan ya taso. In man yana zuba a kan bututun salansa mai zafi, za ka ji ƙauri a cikin mota, kuma yana iya kama wuta.

Wani abu game da wannan murfi. Idan ya fara yoyo, yaran gareji sukan ɗauki safana su ƙara ɗaure notinansa da ƙarfi. Wannan yana ƙara ɓarna. Murfin ba shi da kauri, ɗauri mai tsanani yana lanƙwasa shi, ya murƙushe gasket ɗin. A sa sabon gasket, a goge mazauninsa tas, a ɗaure a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su zauna daidai. A duba marfin zuba mai shi ma, robarsa tana tsufa.

Na biyu, filtar mai. In yoyo ya fara ne bayan an yi juye, to fara da ita. Filta tana da zoben roba a bakinta. Wani lokaci in an kwance tsohuwa, robarta takan manne a jikin inji. Yaro bai lura ba, ya ɗaura sabuwa a kai. Roba 2 ba su zama wuri ɗaya. Da mota ta ɗauki hanya sai ɗaya ta fita, mai ya yi feshi, cikin 'yan mintoci inji ya bushe. Ka tsaya a wurin ranar juye, ka ga tsohuwar robar ta fito da idonka. A shafa ɗan mai a robar sabuwa, a ɗaure da hannu kawai. Bayan robar ta taɓa ƙarfe, a ƙara abin da bai kai zagaye guda ba. Jabun filta ma tana yoyo ta inda aka haɗe ta, don haka a sayi mai kyau.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da aka ɗaura a jikin inji, mai waya guda a kansa. Shi ne yake kunna jar fitilar mai a gaban direba. In ya tsufa yakan tsage ta inda roba ta haɗu da ƙarfe. Ba ya yoyo in mota tana tsaye a kashe. Da an tayar da inji sai mai ya riƙa tsattsafowa ta wajen wayar. Ɗan ƙaramin abu ne mai araha, ana canza shi cikin minti kaɗan, amma ya sa an sauke injuna da yawa a banza.

Daga nan a duba famfon fetur da ke manne a gefen inji, da gindin distiributa. Kowannensu yana da nasa gasket ko zoben roba. Shi famfon fetur yana da wata matsala ta daban. In fatar cikinsa ta huje, fetur zai riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Sai ka ga mai yana ƙaruwa a sandar awo maimakon ya ragu, ya tsinke, yana warin fetur. Wannan ba abin murna ba ne. Man da ya tsinke ba ya kare inji, kuma yana fita ta kowace 'yar kafa.

A gaban inji, can ƙasa, akwai babban fuli da yake juya fanbel. Idan yoyon daga bayansa yake, fulin zai riƙa watsa man zagaye. Za ka ga fanbel ya jiƙe, cikin bonet ya yi ɗige-ɗige a jere. Man yana ruɓar da fanbel da tiyon lagireto, don haka kada a bar shi ya daɗe.

Sai kaskon da yake ƙasan inji, inda mai yake kwana. Hanyoyinmu suna da duwatsu da kwazazzabai, kuma motar da aka lafta wa kaya takan yi ƙasa. Dutse yana iya lotsa kaskon ko ya yi masa 'yar tsaga. A duba kuma notin da ake kwancewa a yi juye. Yana da wani ɗan zoben tagulla da yake lotsewa in an ɗaure, shi ke toshe kafar. Kamata ya yi a canza shi duk juye. Mutane sukan yi shekaru da guda ɗaya, in ya fara ɗiga sai a naɗa zare ko leda. Ana ta ƙara ɗauri har haƙoran notin su cinye.

Duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota, kada ya dogara da jak kaɗai. A sa guntayen katako masu kauri a tallafe ta, a sa duwatsu a tayoyi, a kan ƙasa mai tauri. Bulon siminti yana fashewa ba tare da ya ba da sanarwa ba.

Inji ma yana numfashi

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba, kuma shi ya sa wasu suke canza gasket sau 3 yoyo bai tsaya ba. Idan inji yana aiki, ɗan hayaƙi yakan kuɓuce ta gefen fistin ya shiga cikin inji, inda mai yake. Dole wannan hayaƙin ya sami hanyar fita. Shi ya sa aka yi wa inji bututun numfashi, wanda yake kwashe hayaƙin ya mayar da shi wajen kafireto a ƙone shi. A tsohuwar mota, datti yakan toshe wannan bututu. Wani lokaci ma in tiyon ya tsage, sai a cusa masa ƙusa ko itace a ce an gyara.

Ku dubi tukunyar da take tafasa an danne murfinta. Tururi zai nemi duk inda ya fi rauni ya fita. Haka hayaƙin nan zai riƙa tura mai ta kowane gasket da kowane oyil sil. Alamarsa ita ce inji yana naso ta wurare da yawa lokaci guda, ko sandar awon mai tana ɗagowa da kanta. A ciro tiyon, a wanke shi da kananzir tare da ragar da take hanyarsa, a hura a ji iska tana wucewa. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage yoyo ƙwarai. In kuwa bututun a buɗe yake, amma ka cire marfin zuba mai ka ga hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, to ringi sun cinye. A nan sabon gasket ba zai daɗe ba sai an yi aikin inji.

Cika mai fiye da kima ma yana jawo irin wannan. Wasu direbobi sukan ƙara lita guda a kan alama, wai don tafiya mai nisa. Man da ya wuce alamar sama, ƙarfen da yake juyawa a cikin inji zai riƙa dukansa yana kumfa, yana tura shi waje.

Babban aiki shi ne na ƙarshe

A bayan inji, inda ya haɗu da giya, akwai abin da yake tare mai a ƙarshen karanshaf, wato babban ƙarfen da fistin suke juyawa. Shi kansa abin ba shi da tsada sosai. Aikin kai wa gare shi ne mai tsada, don sai an raba inji da giya. Alamarsa ita ce mai yana ɗigowa daga cikin ƙoƙon da ya rufe kuloci, alhali duk saman inji da gefensa a bushe suke bayan wanki. A lura da wannan sharaɗin da kyau: sai sama ta bushe, gefe ya bushe, bayan murfi ya bushe, sannan a zargi wannan wuri.

Ko a nan ma akwai sauran tambaya, domin giya ita ma tana da nata oyil sil da yake fuskantar wannan ƙoƙon. Wari yakan raba gardama. Amma wasu tsofaffin motoci baƙin mai ake zuba wa giyarsu, don haka a auna duka biyu a ga wanne ne yake raguwa. Idan man ya kai ga farantin kuloci, mota za ta riƙa kuka ba ta ja, musamman a hawan tudu da kaya, ko ta riƙa karkarwa wajen tashi. In an kai nan, ba sauran jira. Tunda za a buɗe wurin, a duba farantin kulocin gaba ɗaya, kada a biya kuɗin buɗewa sau 2.

Idan ka je gareji, ka yi magana da ladabi amma ka san abin da kake so. Ka ce, "Maigida, a wanke a nuna mini inda yake fitowa kafin a kwance komai." Bakanike na kirki ba zai ji haushin wannan ba, don shi ma yana sauƙaƙa masa aiki. In an canza wani abu, ka karɓi tsohon ka gani. Ka kuma lura da yadda ake shafa gam. Gam kaɗan ake so, a inda ya dace. In aka lafta shi da yawa, rarar tana gutsurewa ta faɗa cikin mai, ta je ta toshe ragar da famfon mai yake zuƙa ta ciki. An tsayar da yoyo ke nan an kashe inji da ƙishirwa.

Ana sayar da wani magani a gwangwani da ake zubawa a cikin mai, wai yana tsayar da yoyo. Abin da yake yi shi ne ya ɗan tausasa robar da ta bushe. Yana iya rage ɗan naso na wani lokaci. Ba ya ɗinke gasket da ya yage, ba ya like ƙarfen da ya tsage. Haka kuma zuba mai mai kauri sosai yana rage ɗiga ne kawai, kafar tana nan.

Kafin a samu kuɗin gyara

Ba kullum ake da kuɗi a hannu ba, kuma mota ita ce abincin gida. In yoyon naso ne kawai, ba ya zuba a kan salansa, ana iya lallaɓawa. Amma sai an auna mai kowace safiya kafin a tayar da inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai. A zaro sandar, a goge da tsumma mai tsabta, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa a karanta. A yawancin motoci, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita 1 ne. Ku da kuka koyi rubutu, ga inda zai yi muku rana. Ka sami ɗan littafi ka ajiye a mota. Duk ranar da ka ƙara mai, ka rubuta kwanan wata da yawan abin da ka zuba. Bayan wata guda ka haɗa lissafi. Za ka ga ko yoyon yana ƙaruwa, kuma za ka ga ko kuɗin man da kake ƙarawa ya riga ya wuce kuɗin gyaran.

Ka riƙa tafiya da galan na mai a mota. Idan jar fitilar mai ta kama kana cikin tafiya, ka sauka gefen hanya ka kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa garin gaba. Wannan fitila ba ta kamawa sai mai ya riga ya daina isa inda ake bukatarsa. In kuma fitilar ba ta kamawa ko lokacin da ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, to ta mutu, a gyara ta a wannan makon.

Shi kuma tsohon man da aka juye, ko wanda aka tara a kwano a ƙarƙashin mota, a ajiye shi a rufaffen galan inda yara ba za su kai ba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko a gona, ko a hanyar ruwa, domin kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawa. Kada a shafa shi a miki, ko a jikin dabba don ƙazuwa ko kaska, kamar yadda wasu suke yi. Yana ɗauke da guba daga ƙunar fetur da garin ƙarfe, kuma yawan zamansa a fata yana iya jawo ciwon daji. Wanda ya yi aiki da shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Bayan an gama gyara, a sake wanke wurin, a sake shimfiɗa sabon kwali na kwana 3. Tsohuwar mota takan yi yoyo ta wuri fiye da ɗaya, kuma babban yakan ɓoye ƙaramin. In kwalin ya sake nuna ɗigo, a koma da tocila da hoda, a sake farawa daga saman inji.